Sa Hannun Imel Ya Koma Kirari

Kwanakin baya na aika wa wani jami'i saƙon imel ina tambayar ranar wani taro. Amsarsa kalma biyu ce: "Ranar Laraba." Amma sai da na yi ta jan allon waya kafin in ga ƙarshen saƙon. Sunansa ya zo da Alhaji da Dakta da Injiniya a gaba, da jerin haruffan ƙungiyoyi a baya, sannan sarautar da ƙauyensu ya naɗa shi. Sai lambobin waya huɗu, da tambarin ofis, da hotonsa cikin babbar riga, da wata hikima ta Turanci. Daga ƙasa kuma ga dogon gargaɗi ga duk wanda saƙon ya faɗo hannunsa bisa kuskure, ga roƙon kada a buga shi a takarda don a tausaya wa itatuwa. Ina son sanin ƙarfe nawa za a fara, sai na kira lamba ta farko, a kashe. Ta biyu wata mata ta ɗauka ta ce ba ta san shi ba.

Wannan ɗan rubutu da manhajar imel take liƙawa da kanta a ƙasan kowane saƙo shi ake kira sa hannu, kuma a ganina mun kauce wa amfaninsa. Aikinsa biyu ne: ya faɗi ko kai wane ne, ya faɗi yadda za a same ka. Duk abin da ya wuce wannan kaya ne aka ɗora wa mai karatu.

Mutanen farko na intanet sun gane haka. A 1995 Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta rubuta wata takardar ladubban intanet da aka sani da RFC 1855, inda ta ba da shawarar kada sa hannu ya wuce layi huɗu. Dalilinta shi ne mutane da yawa a lokacin da minti suke biyan kuɗin shiga intanet, tsawon saƙonka kuwa daga aljihunsu yake fita. Shekaru talatin ke nan, amma ɗalibin da ya sayi data ta ɗari biyu ya buɗe saƙon malaminsa ya tarar da hotuna uku suna saukowa zai gaya maka dalilin bai tsufa ba. Tun wancan zamani ne kuma aka saba raba saƙo da sa hannu da 'yan karan ɗori guda biyu da sarari ɗaya, don manhaja irin Thunderbird ta gane inda zance ya ƙare, ta cire sa hannun idan an zo ba da amsa.

'Yan kasuwa ne suka fara gano darajar wannan fili. Da Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe Hotmail a 1996, an sa layi ɗaya a ƙasan duk saƙon da ya fita yana gayyatar mai karatu ya zo ya buɗe akwatin imel kyauta. Kowane mai aika saƙo ya zama ɗan talla ba tare da an biya shi ba, kuma kafin ƙarshen 1997 Microsoft ya saye kamfanin. BlackBerry ya bi sahu, iPhone ma da ta fito a 2007 ta zo da nata layin mai sanar da duniya irin wayar da ke hannunka. Waɗanda suka yi zamanin BlackBerry a Najeriya suna tune da yadda wannan layi ya zama abin taƙama, har da sunan kamfanin layin waya a manne. Har yau akwai masu aika takardar neman aiki da tallar wayar wani a ƙasanta, don kawai ba su taɓa leƙa saituna ba. Kayan aro dai ba ya ado.

Abin mamaki, mu da muka gaji taƙaita ƙarshen wasiƙa. Magabata in sun gama zance sai su ce "haza wasalam". Mu ma a firamare "ni ne naka" aka koya mana, sai suna. Wasiƙun sarakunan daular Sakkwato hatimi ne shaidarsu, ɗan tambari ƙarami wanda ya isa mai karɓa ya san daga inda takarda ta fito. Kirari kuwa aikin maroƙi ne da sanƙira, mutum ba ya yi wa kansa a bainar jama'a. Shi ya sa ake cewa yabon kai jahilci.

Na san za a ce muƙami gumi ne, wanda ya sha wuyar digiri na uku yana da haƙƙin a kira shi Dakta. Gaskiya ne, kuma a al'adarmu kiran babba da gundarin sunansa rashin ladabi ne, don haka laƙabi ɗaya yana taimaka wa mai ba da amsa ya san yadda zai gaishe ka. Akwai kuma inda doka ce ta tilasta ƙari: a Birtaniya dole kamfani ya sa sunansa na rajista da lambar rajistar da adireshin ofishinsa a wasiƙun kasuwancinsa, har da na imel. Amma laƙabi ɗaya daban, laƙabi bakwai daban. Wanda ke neman sanin ranar taro bai tambayi tarihin rayuwarka ba.

Gyaran ba ya cin minti biyar. A Gmail na kwamfuta, shiga saituna, a shafin farko ka gangara ƙasa za ka ga wurin sa hannu. Ana iya ajiye fiye da ɗaya, ka zaɓi cikakke don sabon saƙo, gajere don amsa, yadda idan zance ya yi ta kai da komo adireshinka ba zai maimaitu sau goma ba. Outlook ma yana da wannan zaɓi. Manhajar waya takan riƙe nata sa hannun dabam, don haka ita ma a leƙa ta. Ka rubuta lambar waya da haruffa, kada ka cusa ta cikin hoto: manhajoji da dama suna toshe hotuna sai an ba su izini, lambar da ke cikin hoto ba ta dannuwa, kuma manhajar da ke karanta wa makaho saƙo ba za ta gan ta ba. Idan sunanka yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, rubuta shi daidai yadda yake, sannan ka aika wa kanka gwaji ka buɗe a waya da kwamfuta, ka tabbatar lanƙwasar ba ta koma alamar tambaya ba.

Nawa sa hannun yanzu layi uku ne: suna, aiki, da lamba ɗaya da nake ɗauka. Kai ma, mai karatu, buɗe saƙon ƙarshe da ka aika ka ƙirga layukan da ke ƙasansa. In sun fi saƙon tsawo, rage su yau, ka kuma kira lambar da ka bari ka ji ko tana shiga.