SOJOJIN BAKA DA GWAMNATIN ZAMANI: ZAMBO A AKWATIN REDIYO

Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe suna bin mawaƙan fada da 'yan kama da maroƙa, amma ba kasafai suke waiwayar wani rukuni na masu sana'ar baki ba, wato waɗanda Kanawa ke kira sojojin baka. Su ne mutanen da ke shiga filayen siyasa na gidajen rediyo, irin su "Kowane Gauta" na Rediyon Freedom, su wasa gwaninsu, su ci zarafin abokin gabarsa. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a auna maganarsu da ma'aunin adabi, sannan a dubi rikicin da ke tsakaninsu da jam'iyya mai mulki ta fuskar mai sauraro na ƙasar Gaya da Ajingi.

Asalin Rikicin

Faɗan gwamnatin Kano da rediyo ya girmi yawancin ɗaliban da za su karanta wannan mujalla. A 1979 PRP ta ci Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, ita kuwa Tarayya tana hannun NPN. 'Yan PRP sun ɗauki Rediyon Kaduna a matsayin bakin NPN da masu ra'ayin riƙau, musamman a rigimar da ta kai ga tsige Gwamna Balarabe Musa a watan Yuni 1981. Rimi ba shi da ikon rufe wannan gida, don haka sai ya ƙarfafa nasa bakin: ga Rediyon Kano, ga jaridar Triumph, ga talabijin na CTV. Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke a birni, aka cinna wa Rediyon Kano wuta, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Tun ran nan ya kamata kowa ya san maganar rediyo tana iya cin rai.

Dokar soja ta 1992 ta kafa hukumar NBC, ta buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu. Freedom ta fara aiki a Kano a 2003, kuma a 2006, lokacin da ake ta ce-ce-ku-ce kan tazarcen Obasanjo, NBC ta hukunta ta saboda filayenta na siyasa. A watan Mayu 2025 kuma gwamnatin Kano, wadda a lokacin take hannun NNPP, ta bakin Kwamishinan Yaɗa Labarai Ibrahim Abdullahi Waiya, ta ba da sanarwar hana filayen siyasa na kai tsaye, tare da neman duk mai shiga fili ya sa hannu cewa ba zai yi zagi ko ɓatanci ba.

Ko a Amurka an ga makamancin haka. Bayan da aka soke ƙa'idar ba kowane ɓangare dama a 1987, Rush Limbaugh ya mayar da filinsa dandalin sukar jam'iyyar Democrat, har Shugaba Clinton ya yi ta kuka da shi. Bambancin shi ne Limbaugh aƙida ɗaya ya riƙe har ya mutu. Namu kuwa da yawa ubangida suke bi, in ya sauya sheƙa, su ma kiɗansu ya sauya.

Zambo da Habaici

Sojan baka magajin maroƙi ne. Yana da ubangida, yana yi masa kirari, yana yi wa abokin hamayyarsa zambo, ana kuma sallamarsa. Amma mawaƙin fada na da yana da linzami. Yakan fake da habaici, ya siffanta ɗan sarki mai neman gadon da ba nasa ba da wata dabba ko wata ɗabi'a, ba tare da ya kama suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda ya yi dominsa, mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin as. Gwanintar tana cikin sakayawa, mai sauraro ma sai ya yi aiki da hankalinsa kafin ya gano inda aka dosa.

A gaskiya akwai 'yan ƙalilan cikin sojojin baka da suka iya wannan. Sukan kawo karin magana daidai wurinta, su ƙirƙiri laƙabin da zai bi ɗan siyasa har kasuwa, su sa mai mulki ya ji kunyar titin da bai gyara ba. Wannan ci gaban harshe ne, kuma ya cancanci a ɗauke shi a rubuce a nazarta. Sai dai mafi yawansu sun yar da sakayawa sun rungumi zagi tsirara. A kama sunan mutum, a shiga gidansa, a taɓo iyayensa da asalinsa. Zambo in ya rasa hikima, ashar ne kawai ya rage.

Mai Sauraro a Gaya da Ajingi

A nan ne asarar take. Gwamnatin Rimi ta ɗaga Gaya ta zama masarauta a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya rushe a 1983. Gwamnatin Ganduje ta sake kafa ta a 2019, aka rushe a watan Mayu 2024, sannan a watan Yuli na wannan shekarar aka maido ta da daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran da suka zauna a Dala suka fito, an ɗaga shi an sauke shi kamar hular aro.

Manomi a Ajingi, wanda 'yar rediyonsa ce jaridarsa, yana da tambayoyi na haƙiƙa. Wa ke naɗa hakiminsa? Me dokar ta ce game da kuɗin da ake cira daga asusun ƙaramar hukumarsa don masarauta? Abin da ya fi ji shi ne wane gwarzo ne, wane kuma butulu. Dalili kuwa a fili yake: filin saye ake yi, wanda ya biya shi ke zaɓar waƙa, manomi kuwa bai biya ba.

Kammalawa

Duk da haka, ban ga hanin gwamnati a matsayin magani ba. Da farko, lasisi da ladabtar da gidajen rediyo masu zaman kansu aikin NBC ne, wanda aka ɓata wa suna kuma kotu tana nan. Na biyu, babu jam'iyyar da ta hau mulkin Kano tun 2003 ba tare da sojojin bakanta ba. Tana adawa rediyo muryar talaka ce, ta hau kujera sai ta zama fitina. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Gyaran yana hannun gidajen rediyo da mu masu nazari. Su ware fili na kyauta inda za a zaunar da ɓangarorin biyu a gaban mai tambaya wanda ya san aikinsa, a kuma kai makirufo kasuwar Gaya da ƙauyukan Ajingi. Mu kuma mu naɗi waɗannan filaye, mu tace su kamar yadda malamanmu suka tace waƙoƙin NEPU da NPC, mu yaba wa mai hikima da sunansa, mu nuna wa mai ashar cewa bai iya Hausa ba. Ɗan baka ya fi tsoron a ce bai iya magana ba fiye da takardar kwamishina. Allah ya sa mu dace, amin.