Na Koma Ruwan Bagaja Bayan Shekara Talatin

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ina elementare, wani yayana ya ba ni aron Ruwan Bagaja. Bangonsa ya yage, amma ban damu ba. Da dare in an tashi daga makarantar allo sai in raɓa kusa da fitilar ƙwai in yi ta karatu, har mahaifiyata ta ce man ya ƙare. Bana na sake ɗaukar littafin, yau shekara talatin ke nan da 'yan kai, ina tsammani tsohon aboki zan tarar yadda na bar shi. Ashe ba haka ba ne.

Ga wanda bai san asalinsa ba, a shekarar 1933 ne Dokta East na Ofishin Fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Abubakar Imam, mutumin Kagara, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22, ya aika da nasa. Cikin wannan gasa aka sami Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Watau saurayi ne ya rubuta shi, ni kuwa yanzu na kusa ninka shekarunsa na lokacin. Wannan kaɗai ya sa na yi shiru.

Abin da na riƙe tun ina yaro shi ne aljannu, da birninsu, da ruwan nan mai warkad da cuta. Da za a tambaye ni, da na rantse su ne rabin littafin. Da na sake dubawa sai na ga 'yan shafuffuka ne can wajen ƙarshe, kuma marubucin ya bi ta kansu a gurguje, kamar matafiyin da ya hango garinsu. A ganina nan ne littafin ya fi rauni. Ƙarfinsa duka yana ga Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, waɗanda su ke haɗuwa gari bayan gari, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami. Masana sun nuna wannan tsari ya yi kama da na Muƙamatul Hariri, wanda malamanmu su ke karantawa a zaure. Amma bakin mutanen nan biyu na Hausawa ne tsantsa, irin wanda a ke ji a kasuwa da ƙofar alƙali.

Da, in Zurƙe ya sha wuya sai in yi ta dariya har da hawaye, don na ɗauka Alhaji shi ne mutumin kirki. Yanzu na daɗe ina aikin rubuta ƙararraki, na kuwa san wanda ya riga zuwa ya ba da labari shi a kan fara gaskatawa. Alhaji ne ke ba da labarin nan da bakinsa. Ku auna ƙaryar da ya shara da wadda Zurƙe ya shara, ku gani ko akwai na zaɓe. Dariyar dai na sake yi, ba na musu, amma wannan karo rabinta a kan Alhaji na yi ta, na kuma ji tausayin Zurƙe, abin da bai taɓa zo mini a rai ba.

Inda abin ya taɓa ni ƙwarai kuwa shi ne mafarin tafiyar. Ɗan Sarki ba shi da lafiya, Liman, mijin uwar Alhaji, ya ce Ruwan Bagaja ne maganinsa, aka wulakanta shi a fada gaban jama'a. Don a wanke wannan kunya yaron ya bar gida shekara goma sha biyar. Ina yaro tsallake wurin na ke yi, ina ɗokin a kai ga wasa. Amma tun daga lokacin na taɓa ganin an daka wa mahaifina tsawa gaban mutane a kan magana wadda shi ke da gaskiya, ya sunkuyad da kai, ni kuwa ina tsaye ban ce uffan ba. Ya rasu ban ɗebo masa kome ba. Da na zo wannan shafi sai na rufe littafin, na fita tsakar gida na daɗe.

Na ba ɗana shi, mai shekara goma sha biyu. Shekaranjiya da dare na jiyo shi a zaure yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Na leƙa na ce, "Ina ka kai?" Ya ce, "Baba, Zurƙe ne ya sake shiga hannu." Na buɗe baki zan ce ya lura da Liman, sai na fasa, na ƙara masa hasken fitila.