Walimar da Ba a Ga Akushinta Ba: Sharhi a Kan Littafin "Walima" na Aflatun

Duk ɗalibin da ya leƙa adabin Girkawa, da wuya bai ji labarin littafin nan na Aflatun ba, wanda shi ya kira Simfosiyon, watau taron sha tare, mu kuwa muka kira shi "Walima". An rubuta shi wajen shekara ta 385 kafin Miladiyya. Manufar wannan sharhi ita ce a duba ko littafin ya isa ya zama madubin al'adar cin abinci ta Girkawan dā, kamar yadda wasu masu nazari kan ɗauke shi. A ganina bai isa ba.

Labarin ya faru ne a birnin Atina cikin shekara ta 416 kafin Miladiyya, a gidan wani mawallafin wasan kwaikwayo mai suna Agaton, wanda ya gayyaci abokansa murnar cin gasa. Wajen tsarin zama, lalle Aflatun ya yi ƙoƙari. Mun ga baƙi a kishingiɗe bisa gadaje, mun ga bawa yana wanke ƙafar baƙo. Mun kuma ga zaman ya kasu biyu: a fara cin abinci, sa'an nan a yi addu'a ga gumaka, a kawo giyar inabi, a shiga hira. Mutum bakwai suka yi jawabi, jigon taron kuwa shi ne soyayya.

To amma me aka ci? Nan ne gizo ke saƙar. Daga farkon littafin har ƙarshensa ba a ambaci ko ɗaya daga cikin abincin da aka ci da sunansa ba. Agaton ya ce wa bayinsa su kawo abin da suka ga dama, shi ke nan. Sukurat ma, wanda shi ne babban tauraro, sai da aka ci rabin abincin ya shigo, domin ya tsaya tunani a ƙofar maƙwabta. Alhali daga wasu majiyoyi mun san cimar mutanen Atina sarai: wainar sha'ir, burodin alkama, zaitun da mansa, cuku, albasa, ɓaure, zuma, da kifi, wanda suke ƙauna ƙwarai. Nama kuwa galibi sai an yi yanka ga gumaka ake samunsa.

Wani zai ce ai jigon littafin soyayya ne, don haka ba ruwansa da girki. Wannan uzuri yana da ɗan ƙarfi, sai dai marubucin ya sami filin gaya mana yadda shaƙuwa ta kama Aristofanis, da maganin da likita Eriksimakus ya ba shi, har da girman kwanon da Alkibiyadis ya shanye da ya shigo a buge. Wanda idonsa ya ga waɗannan ba mantuwa ta hana shi ganin akushi ba. Da gangan ya kau da kai. Hujja kuwa, a littafinsa na "Gorgiyas" ya cire girki daga sahun sana'o'in ilmi, ya ɗauke shi dabarar daɗaɗa wa baki kawai.

Wannan raini ya jawo wa littafin aibi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Da aka ɓoye abincin, sai masu yinsa suka ɓace tare da shi. Bayin da suka dafa ba su da suna. Matan gida ba su da wuri a ɗakin. Yarinyar da aka ɗauko don busa sarewa ma sallamarta aka yi kafin a fara hira. Mace guda da aka ji hikimarta, Diyotima, ba ta wurin; ta bakin Sukurat aka ji ta. Hausawa suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma a nan an yabi na rijiya an manta da wanda ya cika cikin.

Saboda haka mai neman sanin cimar Girkawa sai ya haɗa da littafin Atinayus, mutumin Naukratis ta ƙasar Masar, wanda ya rubuta hirar masana a bakin abinci wajen shekara ta 200 Miladiyya, cikin juzu'i 15. Salonsa bai kama ƙafar na Aflatun ba, ga yawan kewaye-kewaye. Duk da haka shi ya adana mana maganganun ɗaruruwan marubuta a kan kifi da burodi da masu girki, har da ragowar waƙar Arkestratus, mutumin Sisili, wadda ta bi garuruwa tana faɗin inda kowane kifi ya fi daɗi.

A ƙarshe, ba na musun cewa "Walima" gwanin littafi ne wajen zubi da tsari da iya sarrafa hira. Abin da nake jan hankalin 'yan'uwa ɗalibai a kai shi ne, in za mu yi nazarin al'adar wasu mutane ta hanyar adabinsu, mu riƙa tambayar abin da marubuci ya bari, da dalilin barinsa.