Tsokaci a Kan Littafin Permanent Pilgrims: Ina Labarin Matan Kambo?

Duk ɗalibin da zai nazarci Hausawan Sudan ba makawa ya bi ta kan littafin C. Bawa Yamba, Permanent Pilgrims, wanda aka buga a 1995. Hujjar marubucin ita ce, 'yan Afirka ta Yamma da suka zauna a Wad Madani da ƙauyukan Jazira suna ɗaukar kansu mahajjata ne da ke kan hanyar Makka, ko da kuwa kakanninsu ne suka baro gida. Ya kafa wannan hujja da kyau, musamman inda ya yi bayanin malamai da masu masauki da mabarata.

Sai dai a ganina, wannan mahanga ta aikin hajji ta rufe wani ɓangare. Abin da ya tsayar da jama'a a Jazira tun daga 1925, lokacin da aka kammala madatsar Sinnar, shi ne ƙodagon auduga, kuma mata da yara na cikin masu tsinta. Mazaunin 'yan ƙodago, wanda ake kira kambo, yawanci a gefen magudanar ruwa yake, ba asibiti, ba famfo. A nan mace ke wanki da ɗibar ruwa, a nan kuma take kwasar tsargiya. Cutar kan taɓa mahaifa, ta jawo zubar jini, wani lokaci har da rashin haihuwa, kuma mun san irin kallon da ake yi wa matar da ba ta haihu ba. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yakan ƙarar wa mai ciki jini, jariri ya zo ba nauyi. Yawan cututtukan nan ne ya sa aka kafa shirin lafiya na Bulunayil a 1979.

Haka abin yake a yankin Damazin, kusa da madatsar Rusairis ta 1966. Idan maigida ya tafi yankan riɗi ko girbin dawa a manyan gonaki, wa zai ba matar izinin fita, wa zai biya kuɗin mota in naƙuda ta yi gardama? Littafin bai sa wannan tambaya a gaba ba.

Ga kuma abin da ya biyo baya. Rikicin Bulunayil na 2022 da yaƙin da ya ɓarke a 2023 sun tarwatsa iyalai masu yawa, har Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023 kafin soja su ƙwato ta a Janairun 2025. Saboda haka, a karanta littafin a matsayin hoton zamanin da aka yi binciken, a kuma gwama shi da Maiurno na Mark Duffield na 1981, wanda ya fi mai da hankali kan noma da ƙodago.