Mona Lisa da Gunki: Nazari a kan Wani Zanen Gani Odutokun

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana cin wuta a tsakanin masana tarihin zane: tsakanin Turai da Afirka, wa ya ara daga wurin wa? Masana da dama na ganin cewa a zanen da Picasso ya yi a 1907 akwai tasirin sassaƙen Afirka, yayin da ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka koyi dabarun Turawa amma suka ƙi yarda su yar da gadon gida.

Wannan muhawara ce Gani Odutokun, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ɗauko daga ɗakin lacca ya mayar da ita hoto a 1991, cikin aikinsa na "tattaunawa da Mona Lisa". A zanen, wani gunkin Afirka yana riƙe da buroshi yana zana Mona Lisa, ita kuma tana sassaƙa shi. Kowannensu maƙeri ne, kowannensu kuma abin ƙira. Abin da malamai ke cika shafuka kafin su bayyana, ido yana kama shi a kallo ɗaya, kuma a nan ƙarfin aikin yake.

Sai dai daidaiton da ya ƙawata zanen ya ɓoye wani abu. Ya sa ɓangarorin biyu a kan mizani guda, alhali tarihi bai yi musu wannan adalci ba. Kowa ya san Leonardo da Vinci ne ya zana Mona Lisa, amma ɗimbin sassaƙen Afirka da ke gidajen tarihin Turai ba a rubuta sunayen masassaƙansu ba.

Abu na biyu ya fi shafar mu. Gunki ne aka ba wakilcin Afirka, wato Afirkar da idon Bature ya saba gani. Ƙasar Hausa, inda aka yi zanen, fasaharta ta fi karkata ga zayyana: dagi a bangon soro, aska takwas a ƙirjin babbar riga, adon ƙwarya da na fata. Maɗinkin Wudil da ke zaune da allura da zare ya gaji hanyar sarrafa layi da siffa ba tare da kwaikwayon halitta ba, tun kafin masu zanen Turai na ƙarni na 20 su ɗauki hakan a matsayin sabon abu. Shi ba a gayyace shi wannan tattaunawa ba.

Odutokun ya rasu a haɗarin mota a 1995, shekarar da aka nuna aikinsa a Landan. Aikin da ke gaban masu zanen Arewa na yau shi ne su faɗaɗa tabarmar da ya shimfiɗa, su zaunar da maɗinki da magini a kanta.