Magana a kan Marsiyyar Andalus ta Abul Baƙa'i

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, mawaƙan Larabawa suna yi wa gari marsiyya idan ya faɗi kamar yadda ake yi wa mamaci. Mafi shahara cikin wannan babi ita ce nuniyyar Abul Baƙa'i Arrundi, wanda ya rasu shekara ta 684 ta hijira, watau 1285. Bahar ɗinta basiɗi ne. Ƙurɗuba ta faɗi hannun Nasara a 1236, Balansiya a 1238, Ishbiliya a 1248, duka yana raye.

Ban ga mai musun kyanta ba. Ya fara da sarakunan dauri, Shaddadu da Ƙaruna da Dara da Kisra, har mai ji ya saki jiki da cewa kowane mulki mai gushewa ne. Sa'an nan ya kira garuruwan ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman 'yan uwansa bayan yaƙi, ya sa mihrabi da mumbari kuka alhali dutse ne da itace, ya sauko kan uwa da aka raba da ɗanta. A nan ne hawaye ke zuba a majalisi.

Amma ni ina da magana. Ya jingina faɗuwar ga zamani, ya zargi masu dawaki na ƙetaren teku da jinkirin agaji, bai ambaci Ibnul Ahmar sarkin Garnaɗa ba, wanda ya ba Fardinandu mahaya suka taya shi kewaye Ishbiliya. Mawaƙin kuwa mai kusanci ne da fadar Banul Ahmar, ka auna wannan. Ƙaddara gaskiya ce, ba mu jayayya da ita, sai dai ba ta ɗauke wa mai laifi laifinsa. Ibnu Khaldun, da ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, ya bi sababi: jin daɗi ya yawaita, asabiyya ta raunana, haraji ya yi nauyi, daula ta tsufa bayan zuriya uku. Wanda ya haddace nuniyya bai karanta wannan ba, ya san waɗanda suka faɗi, bai san wanda ya ture su ba.

Faɗakarwa ga masu kwafi. A wasu takardu za ka ga baitoci masu ambaton Garnaɗa da Basɗa. Ba nasa ba ne. Garnaɗa ta faɗi a 897, watau 1492, shekara fiye da 200 bayan rasuwarsa, kuma Almaƙƙari ya yi gargaɗi kan wannan ƙari cikin Nafhuɗ Ɗibi. Na ba masu ƙarin uzuri, sun ga garinsu ya faɗi ba su da mai yi masa kuka, sai suka raɓa shi ga waƙar wani. Idan ka same su, ka rubuta su a gefen takarda, ka sa alama cewa ƙari ne.

Tamat.