Tuffar Newton da Sauran Tatsuniyoyin Masana Kimiyya

A watan Afrilu na 1726, wani likita mai suna William Stukeley ya ci abinci tare da Isaac Newton a Kensington, kusa da Landan, sannan suka fita lambu shan shayi a inuwar itatuwan tuffa. Newton yana da shekara 83 a lokacin. A wannan zaman ne ya gaya wa baƙonsa cewa faɗowar tuffa ce, tun yana saurayi, ta sa ya fara tambayar kansa dalilin da ya sa abu yake faɗowa ƙasa a miƙe, ba ya yin gefe ko sama. Shekara sittin ke nan da faruwar abin. Bai ce tuffar ta faɗo masa a ka ba. Wannan ƙarin gishiri ne na waɗanda suka zo daga baya.

Tarihin kimiyya yana da nasa tatsuniyoyin, kuma kusan zubinsu ɗaya ne. Gwani yana zaune shi kaɗai, yana wanka ko gyangyaɗi ko hutawa, sai kwatsam basira ta faɗo masa, duniya ta sauya. Malaman aji suna son irin waɗannan labarai domin yara ba sa mantawa da su. Amma wanda ya saba da hanyar malaman hadisi, masu fara tambayar wa ya ji daga bakin wa kafin su duba abin da aka faɗa, zai ga cewa yawancinsu isnadinsu da rauni.

Kakan labaran shi ne na Archimedes, masanin lissafi na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa. An ce Sarki Hiero ya zargi maƙerinsa da gauraya azurfa cikin kambin zinariya, ya ce Archimedes ya gano gaskiya ba tare da ya narka kambin ba. Da ya shiga bahon wanka ya ga ruwa ya tumbatsa, sai ya fita tsirara yana ihun ya gano. Labarin ba ya cikin rubuce-rubucen Archimedes da suka iso mana. Vitruvius, wani masanin gine-gine na Rum, shi ya rubuta shi bayan kimanin shekara ɗari biyu. Dabarar kanta ma da wuya ta yi aiki. A ce kambin kilo ɗaya ne, maƙerin ya musanya kusan kashi uku cikin goma da azurfa. Idan aka tsoma shi a tukunyar da bakinta ya kai santimita 20, ƙarin tashin da ruwan zai yi a kan na kambin zinariya zalla bai kai rabin milimita ba. Wane ido ne zai ga wannan? Tun a 1586 Galileo, yana ɗan shekara 22, ya ƙi yarda da ruwayar, ya nuna cewa da sikeli da ruwa za a fi dacewa da abin da Archimedes ya rubuta game da abubuwan da ke yawo a kan ruwa.

Na Newton ya fi wannan tushe, tunda daga bakinsa aka ji, kuma gaskiya ne annoba ta sa an rufe Jami'ar Kambirij a 1665, ya koma gonar gidansu a Woolsthorpe. Labarin ma yana ɗauke da tambaya mai kyau: idan jan da ƙasa take yi ya kai saman itace, me zai hana ya kai ga wata? Nisan wata daga tsakiyar duniya ya ninka na tuffar sau 60, saboda haka jan zai ragu sau 3,600. Tuffa tana faɗowa kusan mita biyar a daƙiƙar farko. Wata kuwa, a kewayen da yake yi, yana karkatowa wajen duniya da ɗan abin da ya haura milimita ɗaya a kowace daƙiƙa. Lissafin ya hau daidai.

Sai dai daga gonar nan zuwa littafinsa Principia na 1687 shekara ashirin ce da ɗoriya, kuma cike take da mutane. Akwai ƙa'idojin Kepler na tafiyar duniyoyi, waɗanda ya tsamo daga awon da Tycho Brahe ya shekara da shekaru yana yi. Akwai wasiƙun Robert Hooke na 1679, waɗanda suka dawo da hankalin Newton kan batun bayan ya shagala da wasu abubuwa. Akwai kuma Edmond Halley, wanda ya je Kambirij a 1684 ya tambaye shi siffar hanyar da duniyoyi za su bi. Newton ya ce ya taɓa lissafawa, ya duba takardunsa bai ga lissafin ba, sai daga baya ya aika da shi. Halley ne ya matsa masa ya rubuta littafin, kuma daga aljihunsa aka biya kuɗin bugawa, domin ƙungiyar masana ta Landan ta riga ta kashe kuɗinta a kan wani littafin kifaye da bai yi kasuwa ba. Da Hooke ya nemi a ambaci rabonsa, rigima ta kaure tsakaninsa da Newton. Labarin da ya mayar da asalin tunanin can 1666, a gonar da babu kowa sai Newton, ba ƙaramin amfani ya yi wa mai shi ba.

Bajamushe August Kekulé ma sai a 1890, a bikin karrama shi a Berlin, ya ba da labarin macijin da ya gani cikin gyangyaɗi yana cizon wutsiyarsa, shekara 25 bayan ya bayyana cewa sinadarin benzin zobe ne. Masu alfahari da malaman Musulunci su ma ba su tsira ba. An fi yawan maimaita cewa Ibnul Haisam ya yi haukan ƙarya don ya kuɓuta daga Sarki Alhakim na Misira bayan ya kasa tare Kogin Nilu, ruwayar da aka rubuta kimanin ƙarni biyu bayan mutuwarsa, a kan a buɗe littafinsa Kitabul Manazir a ga yadda ya gwada tafiyar haske da fitilu da ɗaki mai duhu.

Babbar illar wannan salo ita ce sunayen da yake sharewa. Ana cewa Edward Jenner ne ya gano rigakafin agana a 1796, kuma haƙiƙa shi ya gwada ruwan ƙurjin shanu a tsanake ya buga sakamakon a 1798. Amma wani manomi, Benjamin Jesty, ya yi wa iyalinsa haka tun 1774. Kafin su duka, wani bawa ɗan Afirka da aka sa wa suna Onesimus ya gaya wa ubangidansa Cotton Mather a Boston cewa a ƙasarsu ana tsaga fata a shafa ruwan ƙurjin mai agana. Da cutar ta ɓarke a garin a 1721 aka gwada: kimanin biyu cikin ɗari na waɗanda aka yi wa suka mutu, alhali cikin waɗanda ta kama haka kawai sha huɗu ne cikin ɗari.

Penisilin ne ya fi nuna abin a fili. Alexander Fleming ya dawo daga hutu a Satumban 1928 ya tarar da fumfuna ta fito a wani farantin da yake rainon ƙwayoyin cuta, kuma ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun mutu. Wannan ya faru. Ya buga bayani a 1929, amma ya kasa tace maganin, aikin ya kwanta kusan shekara goma. Waɗanda suka tashe shi su ne Howard Florey da Ernst Chain da Norman Heatley a Oxford, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ranar 25 ga Mayu, 1940, suka sa wa ɓeraye takwas ƙwayoyin cuta, suka yi wa huɗu allurar penisilin. Washegari huɗun da ba a yi wa ba duk sun mutu, sauran suna raye. Kayan aiki babu, Heatley ya riƙa rainon fumfunar a gwangwanaye da kwalabe har da fo ɗin majinyata, ya kuma ƙera na'urar tacewa da tarkacen da ya samu.

A Fabrairun 1941 aka fara yi wa wani ɗan sanda, Albert Alexander, allurar. Ya fara samun sauƙi, amma maganin ya yi kaɗan, har ta kai ana tace fitsarinsa don a kwato wanda ya fita a sake yi masa. Maganin ya ƙare, mutumin ya rasu a watan Maris. Sai da aikin ya ƙetara Amurka, aka samu fumfuna mai yawan yabanya a jikin wata ruɓaɓɓiyar kankana a Peoria, sannan masana'antu suka iya yin wanda zai wadaci sojoji. Da 'yan jarida suka zo a 1942, Florey ya ƙi ganinsu, Fleming ya karɓe su, labarin faranti da sa'a ya bazu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1945 aka raba kyautar Nobel tsakanin Fleming da Florey da Chain, domin ƙa'idarta ba ta yarda a wuce mutum uku ba. Heatley bai samu ba. Sai a 1990, shekara hamsin bayan gwajin ɓerayen, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a fannin likitanci.